Likita ta allon waya a Amurka: maganin shaye-shaye, lafiyar mata da ciwon gaggawa, wanne ya ci kuɗinsa?

A Amurka an samu wani irin asibiti da ba shi da gini. Likita ɗaya ne, wani lokaci da nas ko sakatariya, sai shafin intanet inda ake rajista a zaɓi lokacin ganawa. A shafin za a ga hidima uku a jere: maganin shaye-shaye, lafiyar mata, da ƙananan ciwukan da ba sa jiran gobe. Ana magana ta kiran bidiyo, likita ya tura takardar magani ta kwamfuta zuwa kantin maganin unguwa, a je a karɓa. Ga 'yan'uwanmu da ke Bronx a birnin New York da sauran garuruwa, masu tuƙin haya da masu kwana wurin kula da tsofaffi, waɗanda zuwa asibiti ke cinye musu aikin yini guda, abin akwai jan hankali.

Sai dai hidimomin nan uku ba nauyinsu ɗaya ba, ko da yake an jera su kafaɗa da kafaɗa. Maganin jarabar dangin kodin, wato su tiramadol, oxycodone, heroin da fentanil, shi ne inda irin wannan asibiti ya ci kuɗinsa, domin aikin tambaya ne da bibiya, waya kuwa ta iya duka biyun. Lafiyar mata rabi da rabi ce. Ɓangaren gaggawa ɗan siriri ne, amfaninsa ya rataya ga ko likitan zai iya cewa "wannan ba nawa ba ne, tashi ka tafi asibiti" bayan an riga an biya shi.

Kafin a fitar da ko sisi, a duba lasisi. Doka ta ce likita ya mallaki lasisin jihar da marar lafiya yake zaune a cikinta a daidai lokacin kiran, ba jihar da ke rubuce a katin shaidarsa ba. Direban babbar mota da ke da gida a New York, in kiran ya same shi a Ohio, lasisin Ohio ake nema. Kowace jiha tana da hukumar likitoci mai shafin bincike kyauta: a sa sunan likita, a ga ko lasisin na aiki, a ga ko an taɓa hukunta shi. Shafin da ya ƙi bayyana cikakken sunan likitansa har sai an biya, a rufe shi a wuce.

Dalilin da ya sa aka iya rubuta maganin shaye-shaye ta waya ma sabon abu ne. Dokar Ryan Haight ta 2008 ta hana rubuta magungunan da gwamnati ke sa wa ido ba tare da likita ya ga mutum ido da ido ba. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe asibitoci, aka sassauta, aka kuma yi ta tsawaita sassaucin. A ƙarshen 2022 majalisa ta soke izini na musamman da a da sai likita ya samu kafin ya rubuta buprenorphine, maganin jarabar dangin kodin. A Janairun 2025 hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta fitar da ƙa'idar da ta ba da damar rubuta shi har na wata shida ta waya, ko da ta murya kawai, muddin likita ya duba rumbun jihar da ke ajiye bayanan irin waɗannan magunguna. Wasu jihohin sun fi tarayya tsanani. Don haka tambaya ta farko ga sakatariya ita ce: in doka ta nemi a gan ni ido da ido, wa kuka tanada ya gan ni?

Buprenorphine shi ne jigon sana'ar. An amince da shi tun 2002, aka fi saninsa da Suboxone, inda aka haɗa shi da naloxone kashi huɗu bisa ɗaya: 2 da 0.5, ko 8 da 2, a miligiram. Yana zama a gurbin da ƙwayar ke zama a ƙwaƙwalwa, ya kama gurbin da ƙarfi fiye da ita, amma kunna shi rabi-rabi yake yi. Wannan rabin ya isa ya kashe ciwon yankewa da kwaɗayin ƙwaya, bai kai ya bugar da wanda jikinsa ya saba ba, kuma bai cika danne numfashi irin na fentanil ba. Wanda ke kansa haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kusan rabi. A ƙasar da shan ƙwaya fiye da kima ya kashe kusan mutum 108,000 a 2022, da kusan 80,000 a 2024, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu cewa "an canja ƙwaya da ƙwaya ne kawai" ba su lura cewa mai shan wannan yana tashi da asuba ya tafi aiki ba.

Ƙarfin kamun nan nasa shi ne kuma tarkonsa, kuma a nan ake gane likitan kirki. In aka sha shi alhali tsohuwar ƙwaya tana zaune a gurbin, zai fizge ta lokaci guda, mutum ya faɗa ciwon yankewa mai tsanani cikin minti 30 zuwa awa ɗaya: amai, gudawa, gumi, murɗawar ciki, rashin iya zama wuri ɗaya. Ciwon ba ya cika kisa. Abin da ke kisa shi ne mutum ya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, ya koma titi a daren.

Shi ya sa ake jira. Mai shan waɗanda ke saurin fita daga jiki, kamar heroin ko oxycodone, yana jira awa 12 zuwa 24 daga shan ƙarshe. Wanda ke kan methadone, wani maganin jarabar mai daɗewa a jiki, sai an sauko da shi a hankali, sannan ya jira awa 48 zuwa 72, wani lokaci fiye. Amma ba agogo ne alƙali ba, jiki ne. Ana neman alamomin da ba a iya ƙirƙira: hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, tashin tsikar jiki, gumi, bugun zuciya da sauri, baƙin tsakiyar ido ya buɗe. Likitoci suna da ma'auni mai suna COWS, mai abubuwa 11, yawanci suna son maki ya kai 8 zuwa 12 ko sama kafin a fara. Kashi na farko miligiram 2 zuwa 4 ne a ƙarƙashin harshe. A jira awa ɗaya zuwa biyu. In an ji sauƙi amma bai gama ba, a ƙara. Ranar farko ana tsayawa wajen 8 zuwa 12, rana ta biyu a iya kaiwa 16. Mun kawo alƙaluman ne don a iya auna bayanin da likita zai yi, ba don wani ya sayi 'yan ɓawon maganin, wato siraran fallayen da ke narkewa a baki, a hannun aboki ya gwada da kansa ba.

Fentanil ya dagula wannan lissafi. Yana laɓewa a cikin kitsen jiki yana fita kaɗan-kaɗan, ta yadda mutum zai iya jira yini guda cur, ya ji kamar zai mutu, ya sha maganin, kuma ciwon ya ƙaru. Wanda ke sayen shuɗiyar ƙwayar nan mai tambarin M da 30 a titi yana cewa oxycodone yake sha, a ɗauka fentanil ne har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ga irin wannan, wasu likitoci suna bin hanyar ɗan-kaɗan: a yanka ɓawon miligiram 2 gida huɗu, a fara da rabin miligiram, a riƙa ƙarawa kullum wajen mako guda, ba a yanke tsohuwar ƙwayar sai sabon ya yi kauri a jiki. Hanya ce mai kyau, amma tana buƙatar jadawali a rubuce da mai amsa saƙo kowace rana. Likitan da bai tambayi fentanil ba a ganawar farko, iliminsa ya tsaya a shekara goma baya.

To ga ma'aunin da muke ɗora kowane asibiti irin wannan a kai: wa zai ɗaga waya da ƙarfe biyu na daren farko? Likita ɗaya ba zai iya kwana a farke kullum ba, ba kuma laifi ba ne. Amma na kirki yana sa a fara da safe, a farkon mako, ba yammacin Juma'a ba. Yana rubuta magungunan tallafi tun kafin ranar: clonidine miligiram 0.1 don gumi da fargaba, ondansetron miligiram 4 don amai, loperamide don gudawa, ibuprofen don ciwon gaɓoɓi. Yana faɗa tun da wuri cewa in ciwon ya ƙaru bayan kashin farko, sau da yawa maganinsa ƙarin buprenorphine ne bisa umarninsa, ba komawa ga ƙwaya ba. Yana kuma tabbatar da akwai Narcan a gidan, feshin hanci mai miligiram 4 da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, wanda ake saye ba takarda tun 2023, kuma wani a gidan ya san yadda ake yi: a fesa a hanci ɗaya, a kira lambar gaggawa 911, in bai farfaɗo ba cikin minti biyu zuwa uku a fesa sabo a ɗaya hancin.

Kuskuren da ya fi yawa bayan nan ƙarami ne, amma yana ɓata magani: haɗiyewa. Abin da ya tafi ciki hanta ce ke cinye mafi yawansa. A jiƙa baki da ruwa tukuna, a ɗora ɓawon da busasshen yatsa a ƙarƙashin harshe, a yi shiru minti biyar zuwa goma, ba magana, ba tauna, ba taba sigari. Ƙwayar maganin ta fi ɓawon daɗewa kafin ta narke. Da yawa daga masu kukan "maganin ba ya kai ni yamma" matsalarsu ke nan, kuma bidiyo ya fi ofis amfani a nan, domin likita zai iya cewa a sha a gabansa ya gani. A Janairun 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗi cewa maganin na cin haƙori. Bayan ya narke a kurkure baki da ruwa a haɗiye, a jira awa ɗaya kafin a goge haƙora, ko da asuwaki ne.

Inda abin ya fi lalacewa kuwa ba a wurin likita ba ne, a kantin magani ne. Wasu kantunan ba sa ajiye buprenorphine, wasu suna ɗari-ɗari da takardar da ta fito daga likitan da ke nesa da garin, wasu su ce sun cika adadin da dillali ke ba su. Mutumin da ya riga ya yi awa 18 yana jira ba shi da ƙarfin zagaya kanti biyar. Dokar mu a nan guda ce: kada a daina tsohuwar ƙwaya don shirin farawa sai maganin yana hannu. Asibitin da ya san aikinsa yana kiran kantin da kansa kafin ya tura takarda.

Za a nemi gwajin fitsari ko na yawu, ko dai a aiko da kayan ta gidan waya a yi a gaban kyamara, ko a tura mutum ɗakin gwaji irin Quest ko Labcorp. Abin da ake nema har da norbuprenorphine, wanda hanta ke samarwa, shi ke nuna an sha maganin ba tsoma shi aka yi a kofi ba. Gwajin gama-gari ba ya kama fentanil ko tiramadol, sai an nemi nasu daban. A tambaya tun farko me ke faruwa in gwaji ya fito da ƙwaya. In amsar ita ce kora, a nemi wani wuri. Amsar da ta dace ita ce a ƙara yawan ganawa, a duba ko kashin ya yi kaɗan. Yawancin mutane suna zama tsakanin miligiram 16 da 24, kuma a Disambar 2024 FDA ta fayyace cewa wasu na iya buƙatar fiye da haka. Batun dainawa ba a gaggauta shi. Makonnin farko bayan an ajiye magani su ne mafi haɗari, domin jiki ya manta sabo, abin da mutum ke sha a da yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Dangi masu matsa wa yaro ya daina don "ai ya warke" su riƙe wannan. A kuma kulle maganin, ɓawo ɗaya na iya kashe ƙaramin yaro.

Akwai abin da waya ba ta yi. Methadone na jaraba sai a cibiyoyin da gwamnati ta ba izini. Allurar buprenorphine ta wata-wata, Sublocade ko Brixadi, sai ma'aikacin lafiya ya yi ta da hannunsa. Giya kuma labarinta daban. Naltrexone miligiram 50 kullum, ko acamprosate miligiram 666 sau uku a rana ga mai lafiyayyar ƙoda, duk ana iya rubuta su ta waya, kuma suna rage komawa. Amma yanke giya ga wanda ke sha da yawa kullum yana iya kawo jijjiga cikin kwana biyun farko, da gigicewa mai kisa daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Wanda hannunsa ke rawa da safe sai ya sha, ko ya taɓa jijjiga, gado yake buƙata. Haka mai shan Xanax ko Valium kullum, ba a yanke su dare ɗaya. Naltrexone kuma ba ya haɗuwa da dangin kodin, sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu su a jiki. Hodar iblis da wiwi ba su da maganin da aka amince da shi, duk mai alƙawarin ƙwayar da za ta raba mutum da su ciniki yake yi.

Wata tambaya da ke yawan zuwa daga gida: akwai yaro a Kano ko Maraɗi da tiramadol ya kama, ko likitan nan zai duba shi ta bidiyo a aika masa magani? A'a. Ba shi da lasisin can, aika irin wannan magani ta gidan waya kuma laifi ne. Ban da haka tiramadol yana da nasa hali: yana kawo jijjiga in an zarce miligiram 400 a rana, ƙwayoyin da ke yawo a kasuwa kuwa akwai masu 225 a guda ɗaya, kuma yankewarsa na zuwa da fargaba da ruɗewa da ba a cika gani a sauran danginsa ba. Wannan yaro asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na kusa da shi ya kamata a kai.

Sirri shi ne babban abin da ke kai mutanenmu ga waya, ba wanda zai gan ka a layin wata cibiya ya kai labari masallaci. Amma sirrin na da ƙofofi. Kowace takardar buprenorphine tana shiga rumbun jiha. In an biya da inshorar miji ko ta uba, kamfanin na iya aika wa mai inshorar takardar bayanin abin da aka biya. A 2024 hukumar FTC mai kare masu saye ta zargi kamfanonin likita ta waya Monument da Cerebral da miƙa bayanan masu amfani da su ga kamfanonin talla, aka ƙare da sulhu da takunkumi. A karanta takardar sirrin shafin, kada kuma a rubuta tarihin ciwo a akwatin hira na Facebook.

Haɗa lafiyar mata da maganin shaye-shaye a hannun likita ɗaya ba dabarar kasuwa kaɗai ba ce, akwai hikima a ciki. Dangin kodin suna ɗauke al'ada. In mace ta fara magani jikinta ya daidaita, haihuwa na iya dawowa kafin ta ga jini, sai ciki ya shiga ba shiri. Likitan da ke riƙe da duka biyun zai ta da maganar tun makon farko. In cikin ya samu, ba a daina buprenorphine, dainawar ta fi haɗari ga uwa da ɗa. Jaririn na iya yin ɗan ciwon yankewa da ake kula da shi a asibiti, shayarwa kuma an yarda da ita. Awon ciki dai sai an je.

Ƙwayar tazarar haihuwa na cikin abin da waya ta iya sosai, domin ba ta buƙatar duba mahaifa. Abin da take buƙata awon hawan jini ne na gaskiya, ba lambar da aka tuna daga bara ba. Mai haɗin estrogen ba ta dace da wadda jininta ya kai 160 bisa 100 ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai shekara 35 zuwa sama da ke shan sigari 15 ko fiye a rana, ko wadda ba ta cika kwana 21 da haihuwa ba. Ga abin da ya shafe mu kai tsaye: a 2024 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta sa mai sikila cikin waɗanda ba za su sha mai estrogen ba, allurar wata uku ma ba ita ce zaɓin farko gare ta ba. In fom ɗin shafin bai tambayi sikila ba, a faɗa da baki. Wadda ƙwaya marar estrogen ta ishe ta ba ta ma buƙatar likita, Opill na kan kanta ba takarda tun 2024, sharaɗinta a sha lokaci ɗaya kullum, kada jinkiri ya wuce awa uku. Allurar da mace ke yi wa kanta duk mako 13, irin Sayana Press da aka sani a Najeriya da Nijar, ana rubuta ta ta waya. Robar mahaifa da ashanar hannu sai an je.

Fitsari mai zafi da yawan fita, ba zazzaɓi, ba ciwon kwiɓi, ba amai, ba ciki: wannan ana magance shi ta waya lafiya lau. Abin da aka fi rubutawa nitrofurantoin ne, miligiram 100 sau biyu a rana, kwana biyar. Amma a nan ma akwai namu. Ƙarancin G6PD, wani gadon jini da ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana sa wannan magani ya farfasa jan jini, fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya, jiki ya mutu. Wadda ta san tana da shi, ko ɗanta ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ta faɗa. Akwai fosfomycin, giram 3 sau ɗaya.

Ruwan gaba ne raunin wannan ɓangare. Abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta. Fari mai kauri da ƙaiƙayi, fluconazole miligiram 150 sau ɗaya, ban da mai ciki. Tsinkakke mai ƙarni, Flagyl miligiram 500 sau biyu a rana har kwana bakwai. Wani kuma daga miji yake, sai an yi wa su biyun magani ko ya yi ta dawowa. Ta kwatance kaɗai ko ƙwararre yana kuskure. Karo na farko a iya gwadawa, amma in ya dawo, ko bai tafi ba cikin mako, gwaji ake yi, kuma dakunan gwaji da yawa suna barin mace ta ɗauki samfurin da kanta. Likitan da ke sake rubuta magani karo na uku ba gwaji, sayar da takarda yake yi. A kuma faɗi gaskiyar abin da ake matsi da shi ko ake tsarki da shi, domin yawan wanke ciki da kayan haɗi na cikin abin da ke kawo mai ƙarnin. Jini bayan ɗaukewar al'ada, ƙullutu a nono, jinin da ke jiƙa audugar mata duk awa, waɗannan na hannu da na'ura ne. Ciwon mara gefe ɗaya ga wadda al'adarta ta yi jinkiri kuwa sashen gaggawa ne a daren, cikin na iya zama a wajen mahaifa.

Ɓangaren gaggawa ba zai ɗauke mu dogon lokaci ba. Yana da kyau ga jan ido, ƙuraje, sabunta maganin da ya ƙare, takardar hutun aiki, da mura mai zazzaɓi in an kira da wuri, domin maganinta oseltamivir cikin awa 48 na farko yake aiki. Kunne sai an leƙa, maƙogwaro sai an shafa an gwada, ciki sai an danna; gani ya kori ji. Toshewar hanci ba ta neman antibayotik sai ta wuce kwana 10, ko ta yi sauƙi ta dawo da ƙarfi, kuma asibitin da ke ba kowa don kada a rubuta masa mugun sharhi ba alheri yake yi ba. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, sarƙewar numfashi, jaririn da bai kai wata uku ba da zafin jiki 38, mai sikila da zazzaɓi, duk ba a buɗe musu manhaja.

Sai zazzaɓi bayan dawowa daga gida. Amurka na samun masu maleriya wajen 2,000 a shekara, da yawansu waɗanda suka je ganin dangi ne a Afirka ta Yamma. Wanda ya yi shekaru a waje garkuwar da ya tashi da ita ta tafi, yaran da aka haifa a can ba su taɓa samunta ba. Likitan waya da bai tambayi tafiya ba zai ce mura ce, a sha ruwa a kwanta, maleriya kuwa na iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Wannan gwajin jini yake so a ranar. Amfanin waya kafin tafiya ne, wajen rubuta maganin rigakafin maleriya: atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a ci gaba kwana bakwai bayan dawowa, doxycycline ya fi araha amma sai an yi mako huɗu bayan dawowa, ba a kuma ba mai ciki.

Gidan da zai dogara da irin wannan asibiti ya ajiye ma'aunin zafin jiki da na hawan jini mai ɗaurin damtse. Ɗan maƙalen yatsa mai auna iskar jini yana iya nuna lamba sama da gaskiya a baƙar fata, kada lambar ta hana wanda ke haki tafiya asibiti. Hoton ƙurji a ɗauka da hasken rana, tunda ja ba ya fitowa a fatarmu yadda yake a littattafansu.

Kuɗi: da yawan waɗannan asibitoci ba sa karɓar inshora, ko dai kuɗin kowace ganawa ko na wata-wata, kuma magani da gwaji ba sa ciki. Tun Janairun 2022 mai biya daga aljihunsa yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin hidima. Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, na biyan buprenorphine, don haka mai ita ya fara tambayar cibiyar lafiyar unguwa, wadda ke rage kuɗi gwargwadon samu kuma galibi tana da tafinta ta waya. Ƙaramin asibiti mai karɓar tsabar kuɗi ba lalle ya tanadi mai fassara Hausa ba. A tambaya kafin a biya, kada a zaunar da ɗan shekara goma sha biyu ya fassara wa mahaifiyarsa maganar ruwan gaba.

Buprenorphine yana daɗewa a jiki, don haka mai azumi zai iya mayar da shi sau ɗaya, da sahur ko bayan shan ruwa, in ya shirya da likita tun cikin Sha'aban. Farawa dai ba a yin ta da azumi a baki, amai da gudawa za su ƙarar da ruwan jiki. Mai niyyar Umara ko zuwa gida ya faɗa wata guda kafin tafiya, a lissafa masa adadin da zai kai shi ya dawo da shi, ya riƙe maganin a kwalinsa mai sunansa tare da wasiƙar likita, ya kuma tambayi ofishin jakadancin ƙasar da zai shiga irin izinin da suke nema.